Ina so in ƙara wa wuyan tirelata tsawo: a yanka a jona, ko a canza shi gaba ɗaya?

Tambaya: Ina da ƙaramar tirela mai aksul ɗaya, wato ƙarfen da tayoyi ke jikinsa, da nake ja da motata. Bodinta mita 2.5 ne, idan na yi mata lodi takan kai kilo 1,000. Wuyanta, wato ƙarfen da ya fito daga gaban bodi zuwa inda ake maƙala ta a mota, bututu ɗaya ne mai kusurwa huɗu, milimita 75 kowane gefe, kaurin ƙarfen milimita 3, tsawonsa santimita 90. Duk sanda na yi ribas sai ta naɗe, har bodin ya taɓa fasa mini fitilar baya. Ina so in ƙara santimita 60. Mai walda ya ce a yanke bututun a tsakiya a jona guntu. Hakan ya yi?

Amsa: Malam, niyyar ƙara tsawon daidai ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke bututun a tsakiya, a kafa guntu baki da baki, a zagaye da walda a ce an gama. Irin wannan jonin yakan yi watanni lafiya lau, ranar da zai saki kuma ba ya sallama. Da tirelar tawa ce, cire tsohon wuyan zan yi gaba ɗaya, in sa sabon bututu guda wanda ya fi shi girma. Bari in kawo dalilina da lissafin da za ka iya nuna wa mai waldar, don kada ya ɗauka raini ne.

Mu fara da abin da ya fasa maka fitila. Auna faɗin motarka ka raba biyu. Idan faɗinta mita 1.9 ne, rabinsa santimita 95, wuyanka kuwa 90 ne. Ke nan kafin tirelar ta gama juyawa ta tsaya a gicciye, gaban bodin ya riga ya iso kusurwar motar. Ƙa'idar da ake bi ita ce daga tsakiyar ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota inda ake maƙala tirela, zuwa gaban bodi ya wuce rabin faɗin motar, a ƙara masa kamar santimita 20 zuwa 30 na sarari. Da wannan lissafi, mita 1.2 ko 1.3 ya ishe ka. Idan kana so ƙofar bayan motar ta buɗe ba tare da ka kwance tirela ba, ko za ka ɗora akwatin kayan aiki ko safayar taya a kan wuyan, to mita 1.5 ɗin da kake nema yana da hujja. In babu ɗaya daga ciki, ka rage buri, domin kowane santimita da ka ƙara akwai abin da ƙarfen zai biya, kamar yadda za ka gani.

Dogon wuya yana da daɗin ja. Tazarar da ke tsakanin ƙwallo da aksul ita ke yanke saurin da tirela ke amsa sitiyari. Gajeriya da ka ɗan murza hannu a ribas sai ta zabura gefe kafin ka gyara, doguwa kuwa a hankali take juyawa, tana ba ka lokacin gani da gyarawa. Shi ya sa direban babbar mota ke shiga lungu da baya hankali kwance, mai 'yar ƙaramar tirela yana ta gumi. A kan titi ma haka ne: idan iska ko wata babbar mota ta kaɗa ta, mai doguwar tazara ta fi saurin komawa layinta. Abin da za ka rasa shi ne a kwana, za ta riƙa yanke kusurwa fiye da da, sai ka saba buɗe hannu.

To amma akwai abin da ke raguwa ba ka gani, wato nauyin da tirela ke dannawa a kan ƙwallo. Ba ka faɗi inda aksul ɗinka yake ba, sai in ɗauka yana inda aka saba sa shi, kashi 60 cikin 100 na bodin a gabansa, wato mita 1.5. Haɗa da wuya santimita 90, daga aksul zuwa ƙwallo mita 2.4 ke nan. A ce tsakiyar nauyin tirelar da kayanta ya faɗo santimita 24 a gaban aksul. Sai ka ninka kilo 1,000 da 24, ka raba da 240: kilo 100 ne a kan ƙwallo, kashi 10 cikin 100 cif. Yanzu ƙara santimita 60, tazarar ta zama 300. Kayan ba su motsa ba, amma nauyin ƙwallo ya sauko zuwa kilo 80, kashi 8 cikin 100. Sabon ƙarfen da ka ƙara zai mayar da 'yan kiloli kaɗan, ba su kai a yi magana ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda tirelar da gabanta ya yi sakayau ita ce ke kaɗa wutsiya idan an yi gudu, ta yi dama ta yi hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi, har ta janye bayan motar. A Amurka shawarar da aka saba bayarwa ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya zauna a kan ƙwallo. A Turai sukan yi ƙasa da haka, wajen 5 zuwa 7, tirelolin kwale-kwale ma sukan zauna a ƙasa-ƙasa saboda tsawonsu. Ga tirelar bodi irin taka ni kashi 10 nake nema, muddin bai wuce abin da aka rubuta motarka da ƙarfen janta za su ɗauka ba. Wannan lambar tana littafin motar ko a kan farantin da ke jikin ƙarfen jan, kuma ita ce iyaka. In ka wuce ta, bayan mota ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa.

Gyaran wannan ba wuya. Don ka dawo kilo 100 a tazarar mita 3, tsakiyar nauyin yana bukatar ya zama santimita 30 a gaban aksul maimakon 24. Santimita 6 kacal, abin da matsar da kaya masu nauyi gaba kaɗan zai biya. Ba sai ka taɓa aksul ba. Amma kada ka yi kirdado da hannu, auna za ka yi. Sikelin da mutum ke hawa ya auna kansa ya wadatar: tirela a shimfiɗaɗɗen wuri, da lodinta na kullum, tayoyi a tokare, ka sa guntun katako a tsaye tsakanin sikelin da hular da ke kifa kan ƙwallo, yadda wuyan zai zauna daidai tsayin da yake zama a jikin mota. Idan nauyin ya fi ƙarfin sikelin, ɗauko katako mai ƙwari, ɗora ƙarshensa ɗaya a kan bulo, ɗayan a kan sikelin, santimita 90 tsakaninsu. Hular ta zauna santimita 30 daga bulon. Abin da sikelin ya nuna ka ninka sau 3. Ka auna tun kafin a yanka komai, ka rubuta, ka sake aunawa bayan an gama.

Yanzu ga inda maganar take, gindin wuya, daidai inda bututun ya fito daga ƙarƙashin bodi. Ka san idan noti ya ƙi kwancewa, bakanike kan zura bututu a hannun sifana ya ƙara mata tsawo, sai notin ya saki da ƙarfin da ɗazu bai motsa shi ba. Wuyan tirela sifana ce, gindinsa kuma shi ne notin. Ƙwallo yana tura ƙarshen wuyan sama, kaya suna danna bodi ƙasa, duk ƙoƙarin lanƙwasawar yana taruwa a gindin. Ana auna shi da ninka nauyin ƙwallo da tsawon wuya. Yanzu kana da kilo 100 sau mita 0.9, wato 90. Bayan ƙari, kilo 80 sau 1.5 ya ba da 120. Da ka matsar da kaya gaba ka dawo da kilo 100, kamar yadda na ce ka yi, ya zama 150. Daga 90 zuwa 150, ƙarin kashi biyu cikin uku, a kan bututun da aka zaɓa don 90.

Mu ga ko zai ɗauka. Bututu mai 75 da 75 da kauri 3, a tsohon tsawonsa, matsin da ƙarfen ke sha a gindi wajen megapaskal 46 ne (megapaskal ma'aunin matsi ne) idan tirela tana tsaye. A sabon tsawon ya kai wajen 77. Ƙarfen gini na yau da kullum, mai lamba S235, yana fara lanƙwasawar da ba ta komawa a 235. Za ka ce ai da saura da yawa. Da saura idan tirelar a ajiye take. A hanya, duk rami da duk tudun rage gudu yana jefa kayan sama ya dawo da su, nauyin ƙwallo ya ninka na ɗan lokaci. Ni idan ina lissafi sau 3 nake ninkawa. Tsohon wuyan ya tashi 139, akwai sarari mai kyau. Sabon ya tashi 232, ya tsaya a bakin 235. Wannan kuma lissafin sabon bututu ne lafiyayye, wanda tsatsa ba ta ci cikinsa ba, ba a taɓa yanka shi ba. Sannan ga lanƙwasawar da ake gani da ido: ita ba daidai da tsawo take ƙaruwa ba, tsawon ake ninkawa da kansa har sau uku. Wuyan da ya tashi daga santimita 90 zuwa 150, a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya, zai riƙa lotsawa fiye da ninki 4 na da. Za ka ji shi a kujerarka, tirela tana tsalle kamar an ɗaura ta da roba.

Wannan lotsawa da dawowar ita ke kashe ƙarfe. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya, ba ka ja ta da ƙarfi ba, amma can sai ta tsinke. Gajiyar ƙarfe ke nan, kuma kusan duk wuyan tirela da na ga ya karye ta haka ya karye, ba wai an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa rana ɗaya ba. Tsagar takan fara ne daga gefen walda ko bakin rami, galibi a ƙasan bututu, domin nan ne ɓangaren da ake ja idan nauyi ya danna. An taɓa kawo mini wata tirela gyaran fitila kawai. Na kwanta ƙarƙashi ina bin waya, sai na ga siririn layin tsatsa ya ratsa ƙasan wuyan ya fara hawa gefe biyu, daidai kan tsohon joni da aka shafe da fenti. Rabin bututun ya riga ya rabu, mai ita bai sani ba, jiya-jiya ya dawo daga doguwar tafiya da ita.

Shi ya sa na ce sabon bututu, kuma wanda ya fi girma. A nan mutane da yawa kan yi kuskure su nemi mai kaurin ƙarfe kawai. Kauri yana taimakawa, amma zurfin bututun, daga samansa zuwa ƙasansa, ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Katako a kwance ka taka shi ya lotsa, ka tsayar da shi a gefensa ya ɗauke ka ko gezau. Misali, bututu mai 50 da 50, idan ka tashi daga kauri 3 zuwa 5, ka ƙara nauyin ƙarfe kashi 60 cikin 100, ƙarfin jure lanƙwasa bai kai ya ƙaru da rabi ba. Idan kuwa ka bar kaurin a 3 ka koma mai 75 da 75, nauyin da ka ƙara bai kai wancan ba, ƙarfin kuma ya ninka fiye da sau 2. Ga taka tirelar, mai 80 da 80 da kauri 4, ko mai 100 da 50 da kauri 4 a tsaye a kan siririn gefensa, kowanne zai sauko da matsin zuwa wajen 55, kusa da inda kake tun farko. Ni na fi son mai 80 da 80, saboda wuya ɗaya tilo yana shan turi ta gefe ma, a kwana da lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, mai kusurwa huɗu daidai kuma ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska. Kafin ka saya, duba faɗin bakin hularka, domin kowace hula da faɗin bututun da aka yi ta dominsa. Wataƙila ita ma sai an canza.

Sabon bututun kada ya tsaya a gaban bodi. Ya shige ƙarƙashi ya wuce ƙarfen gicciye na farko, ya kama na biyu aƙalla, in da hali ya kai kusa da inda sifirin ke rataye. Da haka nauyin ke rarrabuwa cikin shasi maimakon ya taru a wuri ɗaya. In kana son ƙarin kwanciyar hankali, a sa ƙarafa biyu daga kusurwoyin gaban bodi su haɗu da wuyan a kaikaice. Suna rage tsawon da ke rataye ba tallafi, suna kuma hana shi karkata gefe. Sai dai suna cin sararin naɗewar da ka zo nema, saboda haka kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na wuyan.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tsaya a kan mai waldar a kansa: kada ya ratsa saman bututun ko ƙasansa da walda daga gefe zuwa gefe, musamman a gindi. Hannu yana son ya zagaye ko'ina, a ganinsa ya fi ƙarfi. Waldar da ta gitta bututu a inda ya fi shan lanƙwasa layi ce ka zana wa tsaga ta bi. A yi waldar a tsawon bututun, ta gefuna, da 'yan faranti ko guntayen ƙarfe masu kusurwa da za su haɗa shi da shasi. Haka ramuka: in za a huda don noti ko waya, a huda a tsakiyar gefe, inda ƙarfen ba ya shan ja ko matsi sosai, a bar sama da ƙasa lafiya.

To idan ba yadda za a yi sai joni fa? Ana yi, amma da sharuɗɗa, kuma ka tuna joni komai kyansa bai canza lissafin gindi ba. Tsohon bututun nan mai kauri 3 shi ne dai zai sha 150 ɗin. Saboda haka joni ya fi dacewa da ƙaramin ƙari, santimita 20 ko 30, ko tirelar da wuyanta ke da ƙarfin da ya yi mata yawa tun asali. Wurin jonin shi ne na farko. Ƙoƙarin lanƙwasawa sifili ne a kan ƙwallo, yana ƙaruwa a hankali har gindi. Ke nan a yi jonin kusa da hula gwargwadon iko, ba a tsakiya ba, balle kusa da bodi. Na biyu, a zura wani bututu a ciki wanda ya cika ramin ba ya girgiza, ya shiga kamar santimita 30 cikin tsohon bututun, ya kuma shiga sosai cikin sabon guntun. A huda gefunan na waje, a cike ramukan da walda don su kama na cikin. Na uku, a fere bakunan biyu da giranda, a bar 'yar tazara, don waldar ta ci har ciki, ba ta kwanta a sama kamar an shafa ba. Na huɗu, faranti a gefe biyu, masu tsini a ƙarshe kamar ganye, don kada ƙarfin ya yanke farat ɗaya a layi guda. Idan da sandar walda ake aiki, mai lamba 7018 busasshiya ta fi dacewa da irin wannan wuri. Kuma kada a zuba ruwa don ya yi saurin hucewa, a bar shi ya huce da kansa.

Sarƙa. Wannan kusan kowa yana mantawa. Sarƙoƙin tsaro galibi kusa da hula ake kama su. Idan ka yi joni a bayansu, ranar da jonin ya saki, mota za ta tafi da hula da sarƙa da guntun wuya, tirelar kuma ta kama gabanta cikin mutane. Duk wuyan da ke da joni, ko maɗauri mai naɗewa, ko ƙari mai noti, sarƙarsa daga bayan jonin za ta taso, daga tsohon ƙarfe ko shasi. A gitta su biyun a ƙarƙashin wuya yadda in hula ta fita za ta faɗa a kansu, tsawonsu ya isa kwana amma kada su ja ƙasa. Ban son a yi walda a kan zoben sarƙa kai tsaye, zafi yana canza ƙarfinta. A kama ta da noti ko ta cikin kunnen da aka yi mata.

Duk wannan a kan wuya mai bututu ɗaya nake magana. Mai ƙafa biyu da suka haɗu a gaba kamar harafin A hukuncinsa daban. Ba a ƙara wa ƙafafun tsawo haka kawai, domin kusurwar haɗuwarsu za ta canza, hular irin wannan wuya kuma da kusurwarta aka ƙera ta, a Amurka yawanci digiri 50. Ko dai a sake ƙafafun biyu sababbi, ko a ratsa dogon bututu ta tsakiya tun daga ƙarƙashin bodi ya wuce mahaɗar ya fita gaba. Abin da ba a yi shi ne a liƙa guntun bututu a kan tsinin kawai.

Ka kuma duba irin ƙarfen. Idan mai rufin zinki ne, sai an kankare rufin a inda za a yi walda, a yi aikin a fili, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma yana ɓata waldar. Idan alminiyom ne, ka ajiye maganar walda a gefe. Irin wanda ake yin tirela da shi yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a kewayen inda wuta ta taɓa, shi ya sa wasu masu ƙera su ke haɗa su da noti. Can sabon wuya da noti ne kawai amsa.

Kafin a kammala walda, a ɗan ɗiga ta tukuna a auna: daga tsakiyar hula zuwa ƙarshen aksul na dama, da zuwa na hagu, su zo ɗaya. In sun bambanta, tirelar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. A maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aiki, kada wuta ta bi ta cikin boris ɗin taya, a kuma zare wayoyin fitila daga cikin bututu kafin zafi ya narka su. Wayoyin nan gara a sa sababbi masu tsawo da a yi musu ƙulle-ƙulle. In tirelar tana da birkin da ke kamawa idan ta turo mota, sandarsa ko igiyarsa sai an sake mai tsawo an daidaita, in na mai ne a sa sabon bututun mai guda a fitar da iska. Jak ɗin gaba ma a sake masa wuri inda ƙofar mota ba za ta buge shi ba. Notocin hula su zama masu lamba 8.8 ko sama, masu kulle kansu, kuma a sa guntun bututu a ciki inda notin zai ratsa don kada ɗauri ya matse bangon. Tunda ana maganar hula: ƙwallon milimita 50 da na inci 2 ba ɗaya ba ne, na inci 2 milimita 50.8 ne. Ido ba ya rabe su, amma hular wani a kan ƙwallon wani ko ta ƙi kulluwa ko ta yi sako-sako.

Wani zai ba ka shawarar ka huta da walda, ka sayi ƙarin da ake zurawa a jikin ƙarfen jan mota, ya turo ƙwallon baya. Ban ba ka wannan shawarar ba. Masu ƙera irinsa da yawa da kansu suke rubuta cewa yana rage abin da ƙarfen jan zai ɗauka da rabi. Kuma aikinsa kishiyar dogon wuya ne: yana nesanta ƙwallo daga tayoyin bayan mota, ya ba tirela dogon hannun da za ta riƙa juya motar. Shi kuma wuya mai zugewa da masu kwale-kwale ke amfani da shi, na tura jirgi cikin ruwa ne a hankali, ana mayar da shi ciki a kulle kafin a hau titi.

Sai takardu. Tireloli da yawa lambar shasinsu da farantin nauyinsu a jikin wuya suke. Kafin ka yar da tsohon, ka tambayi hukumar da ta yi wa tirelar rajista yadda ake mayar da lamba, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. A ƙasashen Turai wuya da hula kaya ne da ake gwadawa a amince da su kafin a sayar, yanka ko walda a jikinsu yana iya soke wannan amincewar. A can da Ostareliya kuma duk tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta. Taka mai 1,000 ce, ko dokar inda kake ba ta tilasta ba, abin dubawa ne tunda an riga an kwance gaban.

Mai son rage tsawo kuwa, don tirela ta shiga gareji, aikinsa ya fi sauƙi ga ƙarfe: a yanke daga gaba, a sake huda ramukan hula, ba joni. Amma lissafin ɗazu yana juyawa. Tazarar mita 2.4 in ta koma 2, kilo 100 ya zama 120 a kan ƙwallo, ribas ya ƙara wuya, bodi ya ƙara kusantar fitila.

Ranar da aka gama, kada ka fara da doguwar tafiya. Yi mata lodinta na gaskiya, auna nauyin ƙwallo, ka nemi hanyar da ba cunkoso. Fara da kilomita 30 a awa, ka hau 50, ka hau 70, a kowane mataki ka ɗan motsa sitiyari kaɗan ka kalli madubi. Lafiyayyar tirela za ta yi lilo sau ɗaya ko biyu ta nutsu. In ta ci gaba da kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki da ƙarfi, in ka tsaya ka matsar da kaya gaba ka sake gwadawa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko ka bi notoci duka da sifana. Fentin wuyan ya zama mai haske kuma shafi kaɗan, don tsaga ta nuna kanta. Daga nan duk bayan 'yan tafiye-tafiye ka kwanta ƙarƙashi da tocila, ka goge ƙasan bututun a gindi da gefen kowace walda. Fentin da ya tsage a layi, ko siririn zaren tsatsa da ya gitta ƙarfe, in ka gan shi tirelar ba ta sake fita sai an kankare wurin an duba.